Filin ramuka tara: cikin daji ne ya fi wuya ko fili fetal?

Abban Sadik (Tampere, Finlan): Salamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo, kuma masu buga golf ɗin faifai, wasan da ake jefa faifan roba har ya shiga kwando a kowane "rami", nake so su amsa min. Akwai wani ɗan fili a bayan makarantar unguwarmu, ramuka tara, kowanne jifa uku ne ƙa'idarsa, wato 27 ke nan gaba ɗaya. Mafi tsawo a ciki bai kai mita 100 ba. Na ɗaya da na biyu a kan ciyawa suke, tun daga dandamalin jifa kana hango kwando. Daga na uku zuwa na shida sai a kora ka cikin daji, tsakanin dogayen itatuwan nan masu ganye kamar allura da masu farin ɓawo, hanyar da faifai zai bi ba ta fi mita uku ba. Na bakwai hawan tudu ne, na takwas da na tara a gefen filin ƙwallo. To don Allah mene ne amfanin ramukan dajin nan? Ka yi jifa mai kyau, bishiya ta tare, faifai ya yi tsalle ya faɗa cikin duhuwa. Wannan wasan gwaninta ne ko na sa'a? Ni a ganina su sare bishiyoyi biyar ko shida kowa ya huta.

Maman Iman (Oulu): Wa alaikumus salam. Abban Sadik, kafin a ɗauko gatari, da wane faifai kake jifa a dajin?

Abban Sadik: Destroyer na kamfanin Innova. Shi na ga manya suna jefawa a YouTube.

Maman Iman: To ai shi ke nan, an gano ɓarawon. Bishiyoyin ba su da laifi.

Ummi (Jyväskylä): 😂 Anti kin fara.

Injiniya Nura (Espoo): Yaya Abba, bari in yi maka bayani a tsanake, don abin da ya same ka shi ke samun kusan duk wanda ya fara da kallon bidiyo. Duba fuskar faifanka, za ka ga lambobi huɗu: 12, 5, -1, 3. Ta farko gudu ce, ta biyu yadda yake shawagi, ta uku yadda yake karkata dama a farkon tashi, ta huɗu yadda yake dawowa hagu in ƙarfinsa ya ƙare. Wannan ga mai jifa da hannun dama ta bayan hannu ke nan. Bahago sai ya juya lissafin. Lambar 12 ɗin nan ba alkawari ba ce cewa zai yi maka gudu. Sharaɗi ce: sai hannunka ya ba shi wannan saurin kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. In ba ka ba shi ba, lambobin tsakiya ba sa aiki, ta ƙarshe kaɗai ke aiki, sai ka ga tun bai yi nisa ba ya kwanta hagu ya nufi itace.

Yanzu ka ɗauka ramin mita 60 ne. Ko da kana da ƙarfin, me za ka yi da shi a can? Shiga lungun cikin gari da tirela ke nan. Ga kuma bakinsa mai kaifi da faɗi: in ya goga jikin bishiya ba ya tsayawa, sai ya ƙara mita goma ko ashirin ta inda ba ka so. Faifan kusa irin su Aviar, mai lamba 2, 3, 0, 1, bakinsa dagwal yake, in ya bugi itace nan gindinsa yake faɗuwa, ka ɗauka ka ci gaba. Na tsakiya irin Buzzz na kamfanin Discraft, 5, 4, -1, 1, ko Mako3 mai 5, 5, 0, 0, inda ka nuna masa nan yake bi. A filin da ka kwatanta, faya-fayai biyu sun ishe ka daga rami na ɗaya har na tara. Destroyer ka bar shi a gida ya huta.

Abban Sadik: Injiniya na ji, amma kuɗi na sa na saye shi. Kuma a rami na biyu yana kai ni kusa da kwando.

Injiniya Nura: Kusa ta hagu ko?

Abban Sadik: Kusa dai kusa ce.

Mahamadu (Tallinn): Ni ina bayan Abban Sadik a abu guda. Akwai dajin da aka tsara, akwai wanda aka dasa kwando kawai aka tafi. In ka tsaya a dandamali ba ka ga hanya ko ɗaya da faifai zai iya bi ba, wannan ba gwaji ba ne, rashin tsari ne. Nan Estoniya filayen daji sun yi yawa, amma masu kyau za ka ga layi a sarari, ko da matsattse ne. Ka bi shi ka ci lada, ka kauce ka sha wuya. Wannan adalci ne.

Maman Iman: Gaskiya ne Mahamadu, sai dai shi da bakinsa ya ce hanyar ta kai mita uku. Faifai kuwa faɗinsa santimita ashirin da 'yan kai ne. Wane irin fili kuma yake nema?

Yusuf (Minnesota): Ina karanta ku ina dariya. Maganar sare bishiya ta tuna min asalin wasan. Filin farko da aka kafa na dindindin a Oak Grove yake, kusa da Pasadena a Kalifoniya, a 1975, kuma a cikin bishiyoyi yake. Ed Headrick ne ya tsara shi, mutumin da ya yi aiki da kamfanin kayan wasa na Wham-O, ya kafa ƙungiyar 'yan wasan golf ɗin faifai ta PDGA a 1976. A farko ma sanda ake kafawa a jefa, daga baya ya ƙirƙiro kwando mai sarƙoƙi don a daina gardamar ya taɓa ko bai taɓa ba. Kenan tun ranar gini tun ranar zane, itace yana cikin wasan. A golf na ƙwallo ramin yashi da tafki ke hana ka sakewa, a namu bishiya ce ke wannan aikin.

Ummi: Yaya Yusuf wai gaskiya ne an zuba tokar gawarsa a cikin faya-fayai?

Yusuf: Gaskiya ne ƙanwata. Ya rasu a 2002, kuma shi ya yi wasiyya da hakan.

Malam Kabiru (Vantaa): Inna lillahi. Allah ya sa mu cika da imani. Ku koma kan maganarku.

Maman Iman: Amin Malam. Ni fa abin da zan faɗa zai ba wasu haushi: ramukan fili sun fi na daji wuya. A daji bishiyoyi sun tare maka iska, sun kuma nuna maka hanya. Aikinka ka bi ta. A fili babu mai nuna maka komai. Kana ganin sarari sai zuciya ta ce saki hannu, ka yi gudu ka zo ka jefa da duk ƙarfinka, hancin faifai ya ɗaga sama, ya hau kamar zai tafi gajimare, ya tsaya, ya zame hagu ya faɗi mita talatin daga kwando. Nan Oulu bakin teku muke, iskar da ke tasowa daga can ba ta da mutunci. Ina fita da yarana, Iman da faifanta mara nauyi mai giram 150. A daji tana cinye ni wani lokacin, don ba ta da ƙarfin da zai ɓatar da ita, a tsaye take jifa ba tare da gudu ba, faifan ya tafi mita talatin a miƙe, ta sake, ta saka. Da mun fito fili iska ta ɗauki faifan nan mara nauyi ta yi yadda ta ga dama da shi.

Abban Sadik: Hajiya wannan kuma son gardama ne. A fili ko ka yi kuskure kana ganin kwando, babu abin da ya tsaya tsakaninku. Jifa huɗu ne mafi muni. A rami na biyar kuwa mutum zai iya yin bakwai.

Maman Iman: Bakwai ɗin daga ina suke fitowa? Daga jifa na biyu. Ka faɗa duhuwa, maimakon ka fito da shi kan hanya da ɗan jifa gajere, sai ka hango wata 'yar kafa tsakanin rassa ka ce ta nan zan bi. Bishiya ta biyu ta mayar da kai baya, ta uku ta ƙara. Wanda ya yarda ya yi asarar jifa ɗaya, huɗu zai rubuta a dajin ma.

Mahamadu: Wannan kam ta faɗi gaskiya. Fitar da faifai gefe yana da ciwo a rai, amma shi ne mai arha.

Injiniya Nura: Bari in ƙara a kan maganar iska, don Anti ta taɓo wurin da mutane ke ruɗewa. In iska tana bugo ka ta gaba, faifai yana jin kamar an jefa shi da sauri fiye da yadda ka jefa, don haka sai ya ɗaga kuma ya karkata dama. A nan ne faifai mai taurin kai yake da rana, irin Teebird mai 7, 5, 0, 2 ko Roc mai 4, 4, 0, 3, kuma ka jefa shi ƙasa-ƙasa. In ta baya take turo ka, akasin haka ne: faifai yana rasa abin da zai hau, ya yi saurin faɗuwa, ya yi saurin dawowa hagu, sai ka ɗauki mai sauƙin kai irin Leopard ka ba shi ɗan tsayi. In ta gefe ce, ƙa'ida ɗaya: kada ka nuna mata cikin faifan. Da ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi ke nan. Haka ma wurin sakawa a kwando. Iskar gaba tana ɗaga shi ya wuce saman sarƙa, ta baya tana danne shi ya bugi bakin kwando ya faɗo.

Yaya Abba, rami na takwas da ka ce yana gefen filin ƙwallo, akwai iyaka?

Abban Sadik: Akwai. Filin ƙwallon a hagu yake, an ja layi, duk wanda ya shiga an ƙara masa jifa ɗaya. A dama kuma hanyar masu keke ce.

Injiniya Nura: To ka gani. Iyaka a hagu, kai kuma faifanka hagu yake so. Wanda ya tsara filin ya san abin da yake yi. A irin wannan rami ko dai ka nufi dama sosai ka bar shi ya dawo, ko ka koyi jifan gaban hannu, wanda ake yi da yatsu biyu a cikin baki, shi a ƙarshe dama yake komawa. Kuma shi ne zai cece ka a daji ranar da bishiya ta tsaya maka a inda hannunka zai wuce.

Malam Kabiru: Tunda an ambaci hanyar masu keke: kada wanda ya yi jifa alhali akwai mutum a gaba, ko da yana ganin ba zai kai shi ba. Faifan nesa giram 170 da wani abu ne, da baki mai kaifi, in ya sami yaro a fuska ba ƙaramin abu ba ne. Filayen nan yawancinsu na ƙaramar hukuma ne, kyauta muke shiga, tare da masu yawo da kare da tsofaffi masu tattaki. In ya kuɓuce maka ka ɗaga murya ka yi gargaɗi. Kada a ce baƙi ne suka ji wa wani ciwo.

Ummi: Malam ina da tambaya, amma ta fiƙihu ce. A dajin filinmu na tsinci faifai, sabo fil, ruwan hoda, an rubuta suna da lambar waya a bayansa. Ƙawata ta ce ai wanda ya tsinta shi ke da shi.

Malam Kabiru: 'Yata, ƙawarki ba ta faɗa miki daidai ba. Tsintuwa ana cigiyarta, malamai suka ce har shekara guda in abu ne mai daraja wanda ba a san mai shi ba. Wannan kuwa mai shi ya rubuta miki sunansa da lambarsa, ya sauƙaƙe miki cigiyar. Ki tura masa saƙo. In ya ce ki riƙe, ya halatta. In kina jin nauyin kiran baƙo, filaye da yawa suna da akwatin ajiye faya-fayan da aka tsinta, ki jefa a ciki.

Ummi: To Malam, na tura yanzu. Amma wallahi faifan ya yi min kyau 😭

Yusuf: Ku ma ku rubuta lambobinku a naku. Kuma don Allah a daina sayen kore da baƙi in a daji za a buga. Ruwan hoda, ruwan lemo, shuɗi mai haske, su ido ke kamawa. A gasa minti uku kacal ake ba ka na nema, in ba a gani ba ka koma inda ka yi jifa da ƙarin ɗaya a kanka.

Maman Iman: Ku bar ni in yi aikin uwa kaɗan. Duk mai kutsawa cikin ciyawa neman faifai daga bazara zuwa kaka, ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, in ya koma gida ya duba jikinsa: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunnen yara. Kaskar ƙasar nan ƙarama ce ƙwarai, kuma tana ɗauke da cutar Lyme, wasu yankunan har da mai kumbura ƙwaƙwalwa, musamman bakin teku da tsibirai. Ta biyun tana da rigakafi, ta farkon babu. In ka gan ta ka cire ta da hantsaki daga kusa da fata, a hankali, kada ka matse cikinta. In jan zobe ya fito yana faɗaɗa a wurin, ka tafi asibiti. Wannan kaɗai ne abin da na yarda fili ya fi daji.

Mahamadu: Da sauro, Hajiya.

Maman Iman: Sauron Yuli kam sai addu'a.

Abban Sadik: Kun ga ni ko? Kaska, sauro, ɓatan faifai, duk a dajin da kuke yabo. Kuma wani abu: jikin Aviar ɗin Sadik duk ya lotse saboda bugun itace.

Injiniya Nura: Robar mai arha ce, DX, ita ke saurin lotsewa. Ba asara ba ce gaba ɗaya. Faifan da ya sha bugu yana rage dawowa hagu, yana ƙara miƙewa, shi ya sa za ka ga tsofaffin 'yan wasa suna lallaɓa wani kwarjalallen faifai kamar ƙwai. In kana son mai jure wahala ka nemi robar Star ko Champion, sai dai sun fi tsada kuma sun fi santsi in an yi ruwa. Kafin ka ƙara kashe kuɗi ma, ka leƙa ɗakin karatun unguwarku. Wasu suna ba da aron faya-fayai da katin da kake aron littafi.

Ummi: Haka na fara ni ma, da na aro.

Yusuf: Ku mutanen Finlan ba ku san gatan da kuke da shi ba. Tun 1983 aka kafa filin Meilahti a Helsinki, yanzu kusan kowane gari da nasa. Abban Sadik kana zaune a Tampere, inda aka yi gasar duniya ta 2025 tsakanin Tampere da garin Nokia, kana kukan bishiya shida. Ka je ka ga inda manyan suka bi.

Mahamadu: Kada a manta da mu. Kristin Tattar 'yar Estoniya ce, ta ɗauki kofin duniya na mata a 2022 da 2023. Ku kalli wasanta a daji, ba ta gaggawa, ba ta neman abin mamaki, layi kawai take bi.

Abban Sadik: Su ai sana'arsu ce. An ce Paul McBeth, ɗan wasan nan na Amurka, dala miliyan 10 Discraft suka sa masa hannu na shekara goma a 2021. A ba ni rabin haka ku ga ko zan sake taɓa bishiya.

Maman Iman: Shi ma yana taɓawa, Alhaji. Bambancin, shi ba ya neman gatari.

Abban Sadik: Har yanzu ban sauka daga maganata ba a kan rami na biyar. Akwai wata siririyar bishiya a tsakiyar hanya, kamar mita goma sha biyar daga dandamali, jikinta duk ya sale har an ɗaura mata katako. In kowa yana bugunta, ba ita ce matsalar ba?

Injiniya Nura: Katakon da aka ɗaura shi ne amsarka: so suke ta rayu. Ita ce ramin. Tana tilasta maka ka zaɓa tun kafin ka ɗaga hannu, dama ko hagu. Masu bugunta su ne waɗanda ba su zaɓa ba, suka nufi kwando kai tsaye suna fatan alheri. Ka daina kallon kwandon, ka kalli kafar da za ka bi, ka sa idonka a wani wuri a cikinta daidai tsayin ƙirjinka. In ta dama za ka bi, ka ɗan sunkuyar da gefen faifan na waje ƙasa, ya zagaya ya dawo da kansa.

Mahamadu: Ni dai in bishiyar ta raba hanyar mita uku gida biyu, ina nan tare da Abban Sadik. Sai na gani da idona.

Abban Sadik: Allah ya yi maka albarka Mahamadu. Wata tambayar: in faifai ya faɗa ƙarƙashin rassa, zan iya karya reshe ɗaya in sami wurin jifa? Kuma in ya maƙale a sama fa?

Yusuf: Karya reshe haramun ne a dokar wasa, akwai tara, ko lanƙwasa shi ka riƙe ba a yarda ba. Yadda ka sami wurin haka za ka shiga, ko da a durƙushe ne, ƙafa ɗaya a bayan inda faifan ya kwanta. In ya maƙale a sama, ka sa alama a ƙasa daidai ƙarƙashinsa ka yi jifa daga nan. Akwai dokar mita biyu da ke ƙara jifa ɗaya in ya fi wannan tsayin, amma sai in masu gasa sun ce tana aiki.

Injiniya Nura: Kuma in kana cikin mita goma daga kwando, ba a faɗawa gaba bayan an saki faifai. Sai ka nuna ka tsaya da ƙafafunka tukuna. Na ga wasu a cikinmu suna bin faifan har cikin kwandon, ba zan kama suna ba.

Ummi: Yaya Nura ni kake nufi, na sani.

Malam Kabiru: To gardama ta isa haka a waya. Waɗanda ke kusa su haɗu a filin Abban Sadik ranar Asabar bayan la'asar. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare, lokaci yana da yawa. Zagaye biyu: na farko kowa da abin da ya ga dama, na biyu faifan kusa ɗaya tak. A rubuta maki a manhajar UDisc, na daji daban, na fili daban, a turo mana nan. Ba a sa ko sisi a kai, kada ya zama caca.

Abban Sadik: Na yarda Malam. Shayi da cincin a kaina. Amma dokar mita biyu ba ta aiki.

Injiniya Nura: Zan shigo jirgin ƙasa daga Helsinki, wani ya ɗauke ni a tasha. Zan zo da Buzzz biyu na aro.

Maman Iman: Oulu ta yi nisa, ba za mu samu zuwa ba. Ummi, in kin je ki ɗauko min bidiyon rami na biyar daga bayan dandamali, yadda zan ga faɗin kafar dama da ta hagu, ki tura wa Mahamadu shi ma.